Kamun kifi a kan ƙanƙara a Minesota: wai don me za a ce in mayar da babban kifi ruwa?

Sabon Zuwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a jihar Minesota ta Amurka. Wani abokin aikina ya gayyace ni kamun kifi ranar Asabar a kan wani tafki da ya daskare, arewa da St. Cloud. Ya ce in sayi lasisi ta waya kafin ranar, sauran kaya duk yana da su. Niyyata in samu abin da zan cika firiza kafin azumi, don kifi a kanti ya yi tsada. Da na gaya masa haka sai ya kwashe da dariya, wai ko kifi zai yi ta zuwa kamar ruwan sama, shida kawai zan tafi da su, kuma wai akwai girman da in kifi ya kai dole a mayar da shi ruwa. Da gaske ne ko tsokanata yake yi? Sannan ita ƙanƙarar, anya mutum ba zai rufta ba?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ba tsokanarka yake yi ba ƙanena. Kifin da yake nufi shi ne walai, wanda 'yan jihar nan suke ji da shi har suka naɗa shi kifin jiha tun 1965. Dokar gama-gari ta ce shida, kuma a cikin shidan ɗaya tak aka yarda ya wuce inci 20, wajen santimita 51 ke nan. In ka riga ka ajiye babba ɗaya, wani babban ya sake kamuwa, sai dai ka zare masa ƙugiya ka tura shi ta ramin da aka huda a ƙanƙarar, inda ya fito.

Amma inda mutanenmu suka fi faɗawa ba nan ba ne. Shidan nan ba na yini ɗaya ba ne kawai, har da abin da ke gidanka ake lissafawa. In akwai walai huɗu a firizarka tun makon jiya, to yau biyu suka rage maka. Sai kun ci sannan gurbi ya buɗe. Saboda haka maganar tara walai na azumi, cire ta daga lissafi.

Ka tambaye shi sunan tafkin tun yanzu, don tafkuna da yawa suna da tasu dokar daban. A Lake of the Woods, can bakin iyakar Kanada, walai huɗu ne, kuma duk wanda tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 19.5 da 28 ruwa zai koma. Hukumar DNR mai kula da ruwa da dazuzzukan jihar tana fitar da ɗan littafin dokoki duk shekara, kyauta ake ɗauka a shagunan kayan kamun kifi, yana kuma shafinsu na intanet.

Batun lasisi, shekararsa tana farawa 1 ga Maris ta ƙare a ƙarshen Fabrairu, ko yaushe ka saya. In ka sayi na shekara yanzu a Janairu, 'yan makonni zai yi maka. Akwai na awa 24, akwai na awa 72, ɗauki ɗaya daga cikinsu ka fara gani ko za ka iya da sanyin.

Ɗan Kabi: Hahaha, jama'a ku zo ku ji ikon Allah. Mutum ya baro ɗakinsa mai ɗumi, ya je ya zauna kan ƙanƙara hanci na yoyo, Allah ya kawo masa babban kifi har hannu, shi kuma ya ce a'a, koma abinka. Mu a Argungu wanda ya fito da mafi girma shi ake ɗagawa sama, a ba shi mota da kujerar Makka. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Da a can ne ke nan sai a ce wa mutumin ya sake shi? Wallahi da an yi dambe a bakin Matan Fada.

Direban Tirela: Ɗan Kabi bar su. Ni duk wannan hanyar tatsar kuɗi ce. Jiha mai tafki dubu goma, su da kansu suke rubutawa a lambar mota, a ce kifi shida? Ruwa na Allah, kifi na Allah, ka biya kuɗin lasisi, ka biya mai, ka sayi kayan sanyi, sannan a ƙirga maka kamar rabon magani. In ka wuce kuma a ci ka tara. Wa ke cin ribar?

Baban Hanifa: Malam Direba, tafkunan ma sun fi yadda ka faɗa, 11,842 ne masu girman eka goma ko fiye. Amma ka ƙirga masu zuwa kamun. Lasisin da ake sayarwa a jihar nan duk shekara ya haura miliyan ɗaya. Ranar buɗe kakar walai a tsakiyar watan Mayu, hanyoyin arewa cushewa suke yi da motoci masu jan kwalekwale, har gwamna yana fita, al'ada ce tun 1948. In kowannensu ya ce sai ya cika firiza, shekara nawa kake ganin za a yi?

Kuɗin lasisin kuma a kan kifin ake kashe shi: ƙyanƙyashe ƙwai a zuba a tafkunan da kifin ba ya iya hayayyafa da kansa, ƙidayar kifi, gyaran wuraren sauke kwalekwale, albashin jami'an da ke zagayawa. Akwai ma dokar tarayya ta 1950 da ake kira Dingell-Johnson, wadda ta ɗora haraji a kan kayan kamun kifi, a tara kuɗin a raba wa jihohi don wannan aikin. Ban ce ba a ɓarna a gwamnati ba, amma wannan kam kana ganin aikinsa da idonka.

Malam Na-Damagaram: Ɗan Kabi, ina da tambaya gare ka, kai da ka san wurin. Yau in na ɗauko homata na shiga Matan Fada, daidai inda ake gasar, wata uku kafin biki, me zai same ni?

Ɗan Kabi: Haba Malam, ai ba za ka fara ba. Wurin a rufe yake, sai ranar biki Sarkin Ruwa ya ba da izini sannan a faɗa.

Malam Na-Damagaram: To ka gani. Kilo 78 ɗin da kake alfahari da shi, rufewar ce ta ba shi damar kaiwa haka. Mu ma a wajenmu akwai tafkunan da ba a taɓawa sai mai gari da sarkin ruwa sun sa ranar su, gari duka ya fito. Ashe hana kamun kifi na wani lokaci ba Bature ya ƙirƙiro shi ba.

Ɗan Kabi: Malam ban ƙi taka ba, amma kada a haɗa abin da bai haɗu ba. Namu rufe wuri ne, in an buɗe kuma abin da hannunka ya kama naka ne, babba ko ƙarami. Babu mai bin ka da ma'auni yana gwada tsawon kifi. Sannan masuncinmu don cefane yake shiga ruwa, yara na gida suna jira. Waɗancan don nishaɗi suke zuwa, wanda ya ƙoshi ne yake iya sakin kifi. Ka je Yauri ka ce wa Basarke ya saki giwan ruwa, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Baban Hanifa: Gaskiyarka Ɗan Kabi, dokar nan ta masu nishaɗi ce, shi ya sa ma haramun ne ka sayar da walai ɗin da ka kama da fatsa. Amma dalilin ma'aunin ba wasa ba ne. Manyan walai yawanci mata ne, mace ta fi namiji girma da saurin girma, kuma babba guda tana iya zuba ƙwai sama da dubu 100 a kaka ɗaya. Kwashe manyan tamkar makiyayi ne ya bi garkensa yana yanka tumakin da ke haihuwa ya bar 'yan raguna. Shi ya sa kuma ake rufe kakar walai daga Lahadin ƙarshe ta Fabrairu zuwa tsakiyar Mayu. Da ƙanƙara ta narke a watan Afrilu sai su taru a wuri mara zurfi mai tsakuwa, ko su haura ƙoramu don zuba ƙwai, a lokacin ko yaro zai iya kwasarsu.

Kuma ba kullum dokar ke cewa rage ba. Akwai wani dogon kifi mai haƙora, faik. A yankin tsakiya da arewa, inda ƙanenmu zai je, goma aka yarda ka ɗauka, don ƙanana sun yi yawa sun hana juna girma suna cinye 'ya'yan wasu kifaye. Sai dai na inci 22 zuwa 26 a sake su, waɗanda suka wuce 26 kuma biyu kawai. A kudancin jihar, inda ba su da yawa, biyu ne jimla, kuma sai ya kai inci 24. Kifi ɗaya, jiha ɗaya, doka ta bi halin ruwan.

Gasar mafi girma ma suna yi. A garin Brainerd, kan tafkin Gull Lake, tun 1991 ake taruwa cikin hunturu, mutum wajen dubu goma a kan ƙanƙara, wanda ya fi nauyin kifi ya tafi da sabuwar a-kori-kura.

Direban Tirela: Duk wannan lissafin takarda ne Alhaji. Ka nuna min tafki ɗaya da kifi ya ƙare a cikinsa saboda kamu.

Baban Hanifa: Red Lake. Shi ne tafki mafi girma da ke cikin jihar gaba ɗayansa, kuma mafi yawansa yana ƙasar ƙabilar Ojibwe ta Red Lake, 'yan asalin Amurka tun kafin zuwan Turawa. Shekara da shekaru ana kwasar walai, da taru ta ɓangaren ƙabilar, da fatsa ta ɓangaren jiha, ga kuma masu kwasa a ɓoye suna sayarwa. Zuwa shekarun 1990 kifin ya durƙushe. A 1997 masuntan ƙabilar da kansu suka dakatar da kamun kasuwanci, sana'ar da suka gada tun kakanni. A 1999 aka yi yarjejeniya tsakanin ƙabilar da jiha da gwamnatin tarayya, aka hana kowa ɗaukar walai, aka zuba 'ya'yan kifi a 1999 da 2001 da 2003. Sai 2006 aka sake buɗewa. Yau yana cikin wuraren da aka fi tururuwar zuwa da farkon hunturu. Shekara bakwai mutane suka haƙura kafin a ga haka.

Direban Tirela: To wannan na ji. Amma ka faɗi na tafkin Mille Lacs ma mana, tunda ina bi ta wajen ina jin abin da masu masauki da shaguna suke cewa. Can ai dokar ce ta karya musu kasuwa.

Baban Hanifa: Zan faɗa, ba na ɓoye shi. Mille Lacs rikicinsa ya fi haka zurfi. Akwai yarjejeniyar 1837 da ta bar wa Ojibwe haƙƙin farauta da kamun kifi a ƙasar da suka sallama, jiha ta yi jayayya, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da haƙƙin a 1999 da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Tun daga nan duk shekara ake yanke nauyin walai da za a iya cirewa daga tafkin, a raba tsakanin ƙabilu da jiha. Da kifin ya ragu, a watan Agustan 2015 jiha ta cinye kasonta, aka rufe kamun walai ana tsakiyar kaka. Shekarun da suka biyo baya kuma da bazara sai dai ka kama ka saki. Masu masauki sun sha wuya ƙwarai, wasu suna zargin tarun ƙabilu, masana kuma suna nuna cewa ruwan ya ƙara haske kuma ƙananan walai ba sa kai wa girma. Har yau in ka tayar da maganar a wajen sai an ɗaga murya.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne, ko kifin da ka saki ana ƙiyasta wani kaso daga cikinsa zai mutu, musamman in ruwa ya yi ɗumi, kuma ana cire wannan daga kason jiha.

Ustaz Abu Maryam: Alhaji, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita nake jira. Ashe su ma sun san wanda aka saki ba duka yake rayuwa ba. Kamun kifi halal ne, Allah ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa a Suratul Ma'ida, aya ta 96. Amma a Risala mun karanta cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. To mutum ya fita da niyyar ya soka wa dabba ƙugiya a baki, ya ja ta, ya ɗauki hoto, ya jefar, ba don ci ba, ba don sayarwa ba, wannan ina za a sa shi? Ni ban gamsu da shi ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Wanda ya fita neman abin miya, sai wanda doka ta hana ya kamu, ya sake shi, wannan daban ne. Kuma wanda ya shiga ƙasar mutane da biza ya ɗauki alkawarin bin dokarsu, bai kamata a same shi yana ɓoye kifi a ƙarƙashin kujerar mota ba.

Injiniya Hambog: Ustaz, abin mamaki Jamusawa suna kusa da ra'ayinka. A nan Jamus yawancin jihohi sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka takardar kamun kifi: sanin ire-iren kifi, lokutan hani, yadda ake kashe kifi nan take ba tare da azabtarwa ba. Dokar kare dabbobi ta ce ba a wahalar da dabba sai da dalili mai ma'ana, kuma ci shi ne dalilin da kowa ya yarda da shi. Wanda ya fita don hoto kawai yana iya shiga matsala. A Suwizalan ma an hana fita da niyyar kamawa a saki. Amma wanda bai kai ma'auni ba, ko wanda ya kamu a lokacin haninsa, dole ne ka mayar. Wato abin da Ba'amurke yake ɗauka a matsayin kirki, Bajamushe yana iya ganinsa zalunci.

Baban Hanifa: Ustaz, ni ma ba na zama ina ta kamawa ina saki don lissafi. In na samu na miya sai in naɗe. Amma akwai ladabin sakin. A hunturu kada ka ajiye kifi kan ƙanƙara kana neman waya, idanunsa da wurin numfashinsa daskarewa suke yi cikin ɗan lokaci. Ka zare ƙugiya a bakin rami ka mayar da kai gaba. In ya haɗiye ƙugiyar can ciki, yanke zaren ya fi ka tsaya kana tono. Sannan wanda aka jawo daga zurfin da ya kai ƙafa 30, iskar cikinsa tana kumbura, za ka ga ido ya firfito, irin wannan ko ka saki da wuya ya rayu. Shi ya sa ake cewa in a zurfi kake, ka ajiye abin da ka kama, in ka cika adadi ka tashi.

Ustaz Abu Maryam: To in wanda ya fito daga zurfin yana cikin girman da aka hana fa? Ka san mutuwa zai yi, doka ta ce ka jefar. Wannan ba almubazzaranci ba ne?

Baban Hanifa: Dole ka mayar da shi, ko da kana ganin ba zai yi rai ba. In aka buɗe wannan ƙofar, kowa zai ce nasa dama ya kusa mutuwa. Ban ce yana min daɗi ba. Mafita ita ce ka matsa zuwa wuri mara zurfi.

Ustaz Abu Maryam: Wannan kam ban samu natsuwa a kansa ba, amma na ji dalilin.

Maman Sadiq: Kun tsaya kan kifi kun manta yaron nan ya tambayi ƙanƙara, kuma ita ce mai kisa. Ƙanena saurara. Ƙa'idar da hukuma ke bayarwa ita ce, in kaurin bai kai inci 4 ba kada ka taka. Inci 4 na mai tafiya a ƙafa ne, 5 zuwa 7 na babur ɗin ƙanƙara, ƙaramar mota sai wajen inci 9 zuwa sama. Wannan kuma lissafin sabuwar ƙanƙara ce mai haske kamar gilashi. Fara, wadda ta cakuɗe da dusar ƙanƙara, ƙarfinta rabi ne, sai ka ninka. Kauri kuma ba ɗaya ba ne ko'ina, nan inci goma, taku kaɗan gaba inci biyu, musamman kusa da gada, bakin ƙorama, ko inda ruwa ke gudu a ƙasa. Ka ga abokin naka yana hudawa yana aunawa da idonka, kada ka yarda da "ai jiya ma mun zo".

Akwai wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi da ake ratayawa a wuya, ba su da tsada, ka saya. In mutum ya rufta, da su zai caki ƙanƙara ya ja jikinsa. Minti na farko numfashi ne ke sarƙewa, abin da ake so ka daure ka daidaita shi. Daga nan kana da kamar minti goma kafin hannuwa su daina jin magana. Ka juya ta inda ka fito, don can ne ka san ta ɗauke ka, ka yi ta harba ƙafa har ka kwanta a kai, sannan ka mirgina, kada ka miƙe tsaye.

Red Lake ɗin da Alhaji ya yaba, a Nuwamban 2022 ƙanƙara ta ɓalle da mutum wajen 200 sai da aka kwaso su, a Disamban 2023 kuma mutum 122. Iska ce kawai ta juya.

Abu na biyu, bukkar da za ku zauna a ciki. In akwai hita mai gas, a bar kafar iska a buɗe. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari. In ka ji ciwon kai ko jiri ko barci na fizgarka, fita waje nan take, ka fito da kowa.

Direban Tirela: Hajiya ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Maman Sadiq: Haka ne Malam, amma kai ma kana duba birkin tirelarka kafin ka hau hanya.

Sabon Zuwa: Na gode Anti, na gode Baba. Na tambaye shi, ya ce kowa zai iya sa fatsa biyu. Ni na ɗauka ɗaya ce. Kuma ni a gida birgi na iya jefawa, in ruwa ya narke zan iya amfani da shi?

Baban Hanifa: Ta kan ƙanƙara biyu ne a yawancin tafkuna, in ruwa ya narke ɗaya. Ta biyun galibi wani ɗan tarko ne da ake girkawa a bakin rami, in kifi ya ja sai 'yar tuta ta miƙe, kuma kada ka yi nesa da shi fiye da ƙafa 200. Birgi kuwa ka manta da shi ɗana, kama irin waɗannan kifaye da raga laifi ne babba.

Jami'an suna zuwa har bukka a kan babur ɗinsu, su gaisa, su nemi lasisi, su leƙa bokiti, su auna. Wanda ya wuce adadi akwai tara, akwai kuɗin diyyar kowane kifi, in abin ya yi yawa har kayan kamun da lasisin yana iya rasawa. Kuma kada ka ce ba mai ganinka a tsakiyar tafki, kifi na ganinka mai jar koma. Akwai layin waya na tona asirin masu satar kifi da namun daji tun 1981, maƙwabcinka na bukka ne zai kira. In kun gyara kifin kafin ku taho, a bar fata inci ɗaya a jikin kowace tsoka don a gane irinsa. Ragowar ƙananan kifayen da kuka saya don sa wa ƙugiya kuma kada a juye su cikin rami, shara ake zubawa. Ita ma sharar, tun 2023 barin ta a kan ƙanƙara tarar dala 100 ce.

Ɗan Kabi: Kun ga wannan na maƙwabci ya kira waya, shi ne bambancinmu da su, ba dokar ba. Mu ma a takarda an hana zuba guba a ruwa, an hana raga mai ƙananan idanu. Amma na ga inda aka zuba gamalin a tafki, washegari ruwa ya yi fari fat da cikin kifi, manya da 'ya'ya, har kwaɗi. Na ga ana jan gidan sauro a ruwa ana kwashe 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya a tabarma a auna a kwano. Kowa ya san mai yi, ba mai magana, don ɗan wane ne ko surukin wane. Da can tsoron Sarkin Ruwa ya isa. Inda wannan tsoron ya tafi, ba abin da ya maye gurbinsa. Har yanzu dai ina nan kan bakata, ba zan saki babban kifi ba.

Maman Sadiq: Ɗan Kabi, ko don lafiya ma ƙananan sun fi a nan. Sinadarin makuri mai guba yana taruwa a jikin kifin da ke cin kifi, gwargwadon tsufansa da girmansa. Ma'aikatar lafiya ta jihar tana ba mata masu ciki da yara shawarar su taƙaita walai da faik, su fi karkata ga ƙananan kifaye. Wasu tafkunan kusa da birni ma suna da nasu gargaɗin daban, a duba kafin a ci.

Baban Hanifa: Yawwa Hajiya, kin kawo ni inda nake son zuwa. Mai neman na azumi ya bar walai ya nemi waɗanda Turawan ba su cika rububi a kai ba. Sanfish, mai faɗi kamar ƙaramar karfasa, ashirin ne. Kirafi goma. Su biyun ba a rufe kakarsu duk shekara, sai dai wasu tafkuna sun rage adadin. Akwai dangin tarwada, biyar ne, ɗaya kawai zai wuce inci 24, amma su an fi samunsu a koguna in ruwa ya yi ɗumi. Ƙaramarsu kuwa da suke kira bulhed, ɗari aka yarda. In iyalinka ta yi nata lasisin tana da nata adadin, akwai ma na miji da mata a haɗe. Yaran da ke zaune a jihar 'yan ƙasa da shekara 16 ba sa buƙatar lasisi.

Direban Tirela: Ɗari? To me ya sa tun farko ba ku fara da wannan ba, kuka bar mu muna ta faɗa a kan shida?

Ɗan Kabi: Wannan ita ce magana. Tarwada ɗari ai sai banda. Sabon Zuwa, in ka samu ka nemi waya da itace ka kyafe su, su yi maka wata biyu kana miyar kuka.

Maman Sadiq: Kada ka kuskura ka kunna wuta a barandar gidan haya. Na'urar hayaƙi za ta yi ihu, motocin kashe gobara su cika layin, mai gida kuma ya kawo maka takarda. In bandar ce, ka bari sai bazara ka zo bayan gidanmu, Baban Sadiq yana da tukunyar gashi mai murfi, amma kai za ka zo da gawayinka.